'Yar Malama Rakiya Ta Kasa Karanta Sunan Uwarta

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Rakiya makwancinta. A shekarun baya, idan wannan wata ya kama, abin da nake yi bai wuce in tara 'yan uwa mu yi mata addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa ba. Bana na kasa tsayawa a nan. Bana da ɓacin rai nake tuna ta, kuma gara in faɗi dalili tun daga farko. 'Yarta Safiya, wadda ta bar mini amana tana 'yar shekara uku, ta kai aji shida na firamare ba ta iya karatu ba. A gidana aka yi wannan, ina zaune, har ina murna.

Ga wanda bai san ta ba, Rakiya yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Malamar firamare ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta a makarantun ƙauye tsakanin ƙasar Karaye da ƙasar Rogo, irin makarantun da sai mai babur ya ga dama yake kai mutum idan damina ta yi nisa. Ni malamin gona ne, kuma ita ta fara ɗora ni a kan baƙaƙe da wasula a tsakar gidanmu, da gawayi a jikin bango, tun kafin a sa ni makaranta. Idan kun ga na iya haɗa waɗannan layuka, aikinta ne.

Tana da doka guda a ajinta, wadda ba ta sassauta wa kowa. Yaro ba zai rubuta abu a littafinsa ba sai ya iya karanta mata shi da bakinsa, ya kuma faɗa mata abin da yake nufi. Saboda haka idan sauran malamai suka cika allo daga sama har ƙasa, ita layi biyu take rubutawa, wani lokaci ma ɗaya, sannan ta bi yara ɗaya bayan ɗaya tana sa yatsa a ƙarƙashin kalma. Ni da kaina na laƙaba mata suna Malama mai rowar alli. Tana dariya idan na faɗa, amma ba ta taɓa ƙara ko layi ɗaya saboda tsokanata ba.

Kimiyya kuwa ba ta yarda a fara ta a kan takarda ba. Na taɓa kai mata saƙo makaranta, na tarar da ita a gindin bishiya da kofuna uku na ruwan zoɓo. Ta matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara ja jawur. Ta zuba ruwan kanwa a na biyu, ya rikiɗe ya yi duhu-duhu ya koma kore, yara suka ɗauki ihu. Na ukun ta bar shi yadda yake domin a gwada. Ba ta yi musu bayanin komai ba sai da kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, sannan ta ce su je gida su tambayi iyayensu mata me ya sa ake jefa kanwa a miyar yakuwa. Abin da suka rubuta a ranar bai wuce jimla guda ba, da Hausa, kuma su suka ƙirƙire ta. Sunayen Turanci sai daga baya suka biyo, lokacin da akwai abin da za a rataya su a kai.

Wannan hali bai jawo mata farin jini ba. A wajenmu, uba yana auna karatun ɗansa ne da cikar littafi. Ƙarshen zango ya yi, sai ya ce a kawo jaka, ya buɗe, ya riƙa juya shafi. Idan ya ga rubutu maƙil da jan biro a gefe, ya gamsu, malami ya yi aiki. Ina gidanta wata rana da hantsi wani dattijo ya yi sallama, riƙe da littafin 'yarsa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gona da gajiya, sai ya ce, "Malama, ni fa wani abu ne ya ɗaure mini kai. 'Yar maƙwabcina tana ɗaya ajin, ta cinye littafi biyu. Tawa ko rabin ɗaya ba ta kai ba. Ko dai ba ta da ƙoƙari ne ake ɓoye mini?"

Rakiya ta ce, "Baba, 'yarka tana da ƙoƙari. Idan ka koma gida ka ba ta wannan rabin littafin, duk inda ka nuna za ta karanta maka. Ka gwada ka gani."

Ya jujjuya littafin, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Zango na gaba ya roƙi a mayar da yarinyar ɗaya ajin, aka kuwa mayar da ita. Rakiya ta yi kwana biyu ba ta da walwala. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ce mata na yi ta daina taurin kai, ta ba mutane abin da suke so.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Mijinta direban babbar mota ne, ba mazauni ba, shi ya sa aka amince Safiya ta dawo hannuna. Maganar ƙarshe da muka yi da hankalinta, ba ta yi mini zancen gado ko kaya ba. Cewa ta yi, "Ga Safiya nan. Ka sa ido a kan karatunta." Na ce in sha Allahu.

Ga yadda na sa idon. Kowane ƙarshen zango sai in zauna a kan tabarma, in ce Safiya ta kawo jaka. In buɗe, in juya shafi. Kuma wallahi rubutun yarinyar nan abin kallo ne, a tsaye, a jere, babu gogewa, babu datti. Littafin kimiyya cike, na Turanci cike, na Hausa cike, ga jan biro ko'ina. Sai in ce madalla, jinin Rakiya ba ya ɓuya, in saya mata tsire. Shekara biyar ina wannan. Ni da na zauna a gidan Rakiya na ga abin da ya faru da dattijon nan, ni da na san dokarta a ka, ban taɓa rufe littafin na ce karanta mini ba, ko sau ɗaya. Na zama shi sak, sai dai shi bai yi boko ba, ni na yi.

Asiri ya tonu ne a ranar rabon kyaututtuka ta makarantarsu, a ƙarshen aji biyar. Ba zan ambaci makarantar ba, domin abin da na gani a cikinta ba nata ba ne ita kaɗai. Wasu tsofaffin abokan aikin Rakiya sun yi shawarar a riƙa ba da kyauta da sunanta, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Da aka zo wajen, sai na ji mai sanarwa yana cewa kyautar Malama Rakiya ta ɗalibar da ta fi kowa cikar littafi da tsabtar rubutu ce. Ban ji daɗi ba, domin na san da tana raye da ta tashi ta bar wurin. Amma da aka kira sunan Safiya sai na manta komai, na miƙe ina tafi, har da ƙwalla.

Mun dawo gida bayan azahar, takardar shaidar tana hannunta. Matata ta yi guɗa. Na zaunar da Safiya kusa da ni, na ce, "To 'yar Malama, karanta wa Kawu abin da aka rubuta."

Ta nuna sunanta ta faɗa. Na ce madalla, na matsar da yatsana zuwa layin sama, inda aka rubuta sunan mahaifiyarta da manyan baƙaƙe. Na ce, "Wannan fa?"

Ta ƙura wa takardar ido. Ta fara kiran baƙaƙen ɗaya-ɗaya da sunayensu na Turanci, ta kai ƙarshe, ta dawo farko. Na ce ta haɗa su. Ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya ce, na ce ta kwantar da hankalinta. Sai ta ɗago kai, idonta ya ciko, ta ce, "Kawu, ba a koya mana haɗawa ba. Mu dai kwafa muke yi."

Na ɗauko littafinta na Hausa, na buɗe shafin da ta rubuta da hannunta a makon da ya wuce. Ko kalma ɗaya ba ta fita ba. Sunanta ma ashe siffarsa ta haddace, kamar yadda muke gane buhun takinmu a cikin na mutane. Yarinyar nan zana rubutu take yi, shekara biyar, tana duban allo tana sauke shi a takarda da haƙuri da ƙwarewa, ba ta san abin da yake cewa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammaci ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba.

Da aka dawo daga hutu na je wajen hedimasta. Mutumin kirki ne a mu'amala, ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera. Na gaya masa abin da na gani, na roƙe shi ya mayar da Safiya aji uku ta faro daga tushe. Ya dube ni kamar na zo da zancen hauka.

"Haba Malam, wadda muka ba kyauta a gaban jama'a? Me za a ce da mu? Kuma ai yanzu ba a maimaita aji. Ka bar ta, idan ta shiga sakandare za ta ware."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai koya mata ba, bi, bu a sakandare?"

Ya ce, "Allah zai kawo mafita."

Allah yana kawo mafita, ban musa ba. Amma ba a ɗauki hedimasta aiki domin ya yi mini wa'azi ba. Na fito raina a jagule, na leƙa ajinsu. Malamin yana bakin ƙofa, wata ɗaliba tana tsaye a kan benci tana kwafe tsohon littafinsa a allo, sauran aji, wanda ya cika har ƙasa, suna kwafe abin da ta kwafa. Darasin kimiyya ne, da Turanci, a kan abubuwa masu tsami da masu kashe tsami, wato darasin zoɓon nan na Rakiya. Har da zanen kwalbar gwaji, wadda na tabbata babu yaro ɗaya a ajin da ya taɓa riƙe irinta. A bakin ƙofar makarantar kuwa ga wata mata tana sayar da zoɓo a ƙulle a leda.

Na ja malamin gefe. Saurayi ne, kuma ya yi mini gaskiya, shi ya sa ban iya yi masa faɗan da na ƙunso ba. Ya ce, "Baba, na san da yawansu ba sa karantawa. Amma idan masu duba makarantu suka zo, littafi suke cewa a kawo. Iyaye ma littafi suke dubawa. Idan na tsaya koyar da haɗa baƙi, manhaja ta wuce ni, a ce ban yi aiki ba. Ni ma haka aka koya mini."

To ku ji yadda muka shirya abin, mu duka. Mai dubawa yana son cikakken littafi, uba yana son cikakken littafi, malami ya ba su cikakken littafi, yaro ya wuce aji na gaba, kowa ya kwana lafiya. Babu wanda ya yi ƙarya da bakinsa, amma duk mun haɗu mun yaudari yaran nan. Kuma ba a makaranta abin yake tsayawa ba. A aikina na sha tarar da matashin da ya gama sakandare yana riƙe da kwalbar maganin feshi, yana tambayata murfi nawa ake zubawa, alhali ga shi nan a rubuce a jikinta. Wani bai ma tambaya ba, ya zuba yadda ya ga dama, ya ƙone gyaɗar ubansa. Da ina zaginsu a raina ina cewa sakarkaru ne. Yanzu na san kowannensu yana da jaka cike da littattafai masu kyawun rubutu a ɗakin uwarsa.

Me Rakiya za ta ce da ta ga wannan? Na san ba za ta fara da gwamnati ba, ko da yake akwai abin faɗa a can mai yawa, daga cunkoson aji har malamin da aka tura aji bai taɓa ganin yadda ake koyar da karatu ba. Da ni za ta fara. Za ta dube ni da idon nan nata ta ce, Audu, kai ma? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an ɗauki sunanta an liƙa a kan ainihin abin da ta yi rayuwarta tana yaƙa, kuma ƙaninta ne ya fi kowa tafi.

Na gwada koya wa Safiya da kaina, abin ya gagara. Ba ni da haƙurin uwarta. Ina ɗaga murya sai ta rikice, ta fara kuka, ni kuma in ƙara hasala, ba da ita ba, da kaina, amma ina yarinya za ta bambance? Ga lokaci yana tafiya. Shekara ɗaya ta rage mata a firamare, kuma na san idan ta fita a haka, a haka za ta tafi har abada, da takardar shaida a hannu.

Mafitar ta zo ta inda ban zata ba. Ranar wata kasuwar Rogo na tsaya shan fura wajen wata Bafulatana daga rugagen wajen Falgore, sai na ga tana karanta wa 'yan uwanta wata takardar Hausa a kan rigakafin shanu, tana juya musu da Fulatanci. Karatu take yi tiryan-tiryan, babu gargada. Na tambaye ta inda ta yi makaranta. Ta ce firamare kawai ta yi, sunanta Shatu, kuma wata Malama Rakiya ce ta koya mata, Allah ya jiƙanta. Da na ce ni ƙaninta ne, sai ta ajiye ludayi ta sake gaishe ni tun daga farko.

Ta ce ta shiga ajin Rakiya Hausa ma ba ta ishe ta ba. Ta ce har yau tana tuna ranar da Malama ta sa ta kawo madara, aka raba ƙwarya biyu, aka ɗiga tsohon nono a ɗaya, aka bar ɗaya haka, washegari aka buɗe aka gwada wadda ta fi kama jikinta. "Ranar ce na fara sanin abin da innata take yi kullum shi ma ilimi ne," in ji ta. Na gaya mata halin da 'yar Malama take ciki. Sai ta ce, "Subhanallahi. Kawo mini ita. A'a, ni zan zo."

Tun daga lokacin, duk ranar da ta shigo gari, idan ta sayar da nononta sai ta biyo gidana kafin la'asar. Ta zauna da Safiya a tsakar gida, ta hana ta taɓa biro. Ba, bi, bu. Ka, ki, ku. Sai kalma, sai jimla. Idan Safiya ta yi sauri ta ce za ta rubuta, sai Shatu ta ce, "Karanta mini tukuna." Ranar da na fara jin wannan magana daga ɗaki, sai da na fita waje, domin muryar ce kawai ba ta Rakiya ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Watanni sun shuɗe, Safiya tana karanta Hausa yanzu, a hankali, da yatsa a kan layi. Turanci da saura, kuma da Turanci za a yi mata jarrabawa. Shekara biyar da aka cinye mata, da hannuna a ciki, ba za su dawo ba. Amma idan aka tambaye ni abin da ya rage na Rakiya bayan shekara tara, ba kyautar da ake bayarwa da sunanta ba ce, wannan na riga na rubuta wa masu ba da ita cewa ko su canza abin da ake ba da ita a kai, ko su cire sunan yayata. Abin da ya rage nata yana wajen mai tallar nono da ba ta wuce aji shida ba, wadda take yin aikin da makaranta guda ta kasa, ba ta kuma taɓa karɓar ko sisina ba.

Makon jiya, bayan la'asar, Safiya ta same ni a zaure tana murza gefen hijabinta. A bayanta ga 'yan mata uku 'yan ajinsu, sun sunkuyar da kai. Ta ce, "Kawu, su ma suna so Anti Shatu ta koya musu. Su ma ba su iya ba." Sai ta rage murya ta ce, "Amma don Allah kada ka gaya wa babanninsu. Babannin sun ɗauka sun iya."

Na san iyayen yaran nan duka uku. Da ɗaya muke sahu ɗaya a masallaci, kuma kwanan nan ya gama yi mini alfahari da rubutun 'yarsa. Na yi wa Safiya alkawari ba zan kama sunan kowa ba, kuma ban kama ba. Amma kai da kake karanta wannan, idan kana da yaro a firamare, yau idan ya dawo kada ka ce ya kawo jaka ka juya shafi. Buɗe shafi ɗaya, ɗora yatsanka a kan layi ɗaya, ka ce ya karanta maka. Idan ya yi shiru, kada ka dake shi. Ya daɗe yana tsoron ranar da za ka tambaya, kai ne ba ka taɓa tambaya ba.